Wasiƙa zuwa ga Malam Habu, kan sunan da ake ba masu tayar wa hukuma da ƙayar baya

Assalamu alaikum, Malam Habu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, kuma na yi farin ciki da jin ka kama aikin fassarar labarai. Allah ya sa albarka, ya ba ka haƙurin zama da shi.

Ka ce duk sanda labari ya zo na mutanen da suka tashi wa gwamnati, sai ka tsaya kana juya alƙalami: 'yan tawaye za ka ce, ko masu zanga-zanga, ko 'yan gwagwarmaya? Don Allah kada ka daina wannan tsayawar. Ranar da hannunka ya saba har ya riƙa rubutawa babu tunani, za ka fara yi wa masu mulki aiki ba tare da ka sani ba.

Kalmomin dai muna da su, kowacce da nauyinta. Zanga-zanga fitowa ce kan titi babu makami. Yajin aiki janye hannu ne daga aiki har a biya buƙata. Bore ya fi su zafi, an ƙi umarni an tayar da ƙura, amma yawanci a wuri ɗaya yake, kuma yakan lafa. Tawaye kuwa an fita daga biyayya gaba ɗaya, galibi da bindiga a hannu. Wadda nake so ka fi yin hattara da ita ita ce tarzoma. Da zarar ka furta ta, mai sauraro ya hango ƙone-ƙone da fashe-fashe, ba zai ƙara tambayar me ya fito da mutanen daga gidajensu ba. Hukumomi sun san haka sarai, shi ya sa ita ce ke fara fitowa daga bakin kakakinsu.

Dubi Aljeriya. Daga 1954 zuwa 1962 ana gwabzawa tsakanin sojojin Faransa da masu neman 'yancin ƙasar, dubban ɗaruruwan mutane suka mutu. Amma a takardun gwamnatin Faransa babu yaƙi. Ayyukan tabbatar da doka da oda ake cewa. Dalili shi ne a wancan lokacin Faransa na ɗaukar Aljeriya wani yanki na jikinta, kuma in ta ce yaƙi take yi, ta amince ke nan akwai wata al'umma dabam da ke fuskantar ta. Sai a 1999 majalisar dokokin Faransa ta yi doka ta kira shi yaƙi, shekara 37 bayan an gama. Ka yi tunanin tsohon da aka azabtar da shi, ko uwar da ta binne 'ya'yanta, suna jin ana cewa doka da oda kawai aka tabbatar.

Na Kenya ya fi tsaya mini a rai. A 1952 Turawan Ingila suka kafa dokar ta-ɓaci kan mutanen da duniya ta sani da Mau Mau. Su mayaƙan suna kiran kansu rundunar neman ƙasa da 'yanci, domin kukansu shi ne gonakin da aka ƙwace aka ba Turawa. Amma sunan da aka yayata shi ne Mau Mau, aka haɗa shi da rantsuwar tsafi da dabbanci, har aka riƙa bayyana lamarin kamar wata cutar hauka ce ta kama mutane. Wanda aka ce mahaukaci ne ba a zama teburin sulhu da shi. An rataye sama da mutum 1,000, cikinsu da jagoransu Dedan Kimathi a 1957, an kuma tsare dubban mutane a sansanoni. Abin da ya fi ba ni takaici, Kenya ta sami 'yanci a 1963, amma haramcin da aka ɗora wa ƙungiyar bai tashi ba sai a 2003. A 2013 ne gwamnatin Birtaniya ta amince ta biya fam miliyan 19.9, haɗe da kuɗin shari'a, domin diyyar tsofaffi 5,228 da aka azabtar. Da yawa ba su kai ganin wannan rana ba.

Nelson Mandela ma, har ya yi shugabancin Afirka ta Kudu ya sauka, sunansa na cikin jerin waɗanda Amurka ke sa wa ido kan ta'addanci. A 2008 aka cire shi.

Sai dai kada ka ɗauka masu riƙe da kujera ne kaɗai ke wasa da suna. Masu ƙwace ta ma gwanaye ne. Da wuya ka ji sojan da ya kifar da gwamnati ya ce juyin mulki ya yi. Ceto ƙasa zai ce, ko gyara. Hafsoshin da suka tumɓuke Sarki Faruƙ a Masar a 1952, har yau juyin juya-hali ake kiran abin da suka yi. A 2013 kuma da sojoji suka sauke shugaban Masar Muhammad Mursi, gwamnatin Amurka ta ƙi furta kalmar juyin mulki, domin dokarta ta ce in an yi juyin mulki a ƙasa a dakatar da taimako, ga shi kuma tana ba sojojin Masar kimanin dala biliyan 1.3 duk shekara. Haka kuma akwai masu ɗaukar makami su kashe manoma da 'yan kasuwa, su ce gwagwarmaya suke yi. Ban yarda a ba su wannan sunan ba. Wanda ya juya bindigarsa kan talakan da yake cewa yana karewa ya rasa haƙƙin a kira shi ɗan gwagwarmaya.

Shawarata ita ce ka fara da abin da aka aikata. Mutum nawa suka fito, me suke nema, da makami ko babu, wa ya fara harbi. In gwamnati ta ce 'yan tarzoma ne, ka rubuta cewa gwamnati ce ta faɗa. In su sun kira kansu masu neman 'yanci, ka ce su ne suka faɗa. Kuma ka tuna, ba duk mai ce wa shugaba a'a ne ɗan tawaye ba. Ka san hadisin da ya zo cewa mafificin jihadi shi ne faɗin gaskiya a gaban azzalumin shugaba, kuma mai wannan aikin ba shi da makami sai harshensa. Yana yi mini ciwo in ji an haɗa irinsa da masu kisa a cikin kalma ɗaya.

Ka rubuto mini yadda editanka ke yi in kun saɓa kan irin wannan, ina son in ji ko yana barin ka da zaɓinka. Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Sani