Juyawar farantin maikurowef hagu ko dama ba lalacewa ba ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu warware wata magana da ke sa jama'a kashe kuɗi a banza. Sau da yawa ana kai maikurowef wurin gyara da ƙorafin cewa farantinsa ya rikice, jiya ya juya dama, yau kuma hagu. Wasu masu gyaran, Allah ya shirye su, sai su karɓa su ce moto ne ya tafi, su cire lafiyayye su sa wani, a biya su. Alhali haka aka ƙera shi tun daga masana'anta. Wanda ya leƙa jikin moton zai ga an rubuta CW/CCW, ma'ana yana iya bin hannun agogo, yana kuma iya saɓa masa.

Moton ɗan ƙarami ne, zagayayye, faɗinsa kamar santimita 5, yana ɗaure a ƙarƙashin ɗakin da ake sa abinci. Wutar da yake ci wat 3 zuwa 4 ce kacal. Abu uku ne a cikinsa: kwayil guda ɗaya, wato naɗin siririyar wayar tagulla, wani zagayayyen maganaɗisu da ke juyawa a tsakiya, sai jerin giyoyi, galibi na roba. Wutar gida ba ta bin hanya ɗaya, zuwa take ta dawo sau 50 a kowace daƙiƙa a Najeriya da Nijar. Duk zuwa da dawowa haƙoran ƙarfen da ke kewaye da maganaɗisun suna sauya hali, wanda ke ja ya koma tunkuɗawa, shi kuwa maganaɗisun yana binsu taku bayan taku. Gudunsa a ɗaure yake da bugun wutar, ba ya wuce shi, ba ya gaza masa. Idan misali yana yin zagaye 500 a minti, giyoyin su rage shi ninki 100, faranti ya samu zagaye 5.

To me ya sa ba shi da tsayayyen gefe? Kwayil ɗaya ja da tunkuɗa kawai ya iya, ba ya nuna wa maganaɗisu inda zai nufa. Duk tela ya san haka a keken ɗinki na ƙafa: in ka taka feda ba ka tura wilin da hannu ba, yana iya yin gaba, yana iya yin baya. Fankar silin tana da kwayil na biyu da kafasito (ɗan abin da ke tara wuta) masu yi mata wannan turin, fankar da ke sanyaya cikin maikurowef ɗin kuma tana da zoben tagulla a jikin ƙarfenta. Moton faranti ba a sa masa ko ɗaya ba. Idan wuta ta shigo, maganaɗisun yakan ɗan yi rawa na ƙiftawar ido sannan ya faɗa gefen da ya fi masa sauƙi. Abin da ke yanke hukunci shi ne inda ya tsaya a karon baya, da daidai inda bugun wutar yake lokacin da aka danna maɓalli, da kuma ɗan sararin da ke tsakanin haƙoran giya. Sararin nan ne ke sa wasu motocin yawan sauya gefe duk kunnawa, don baya babu nauyi a farkon motsi, gaba kuwa haƙoran na manne da kaya.

Agogon lantarki da taima suna amfani da irin wannan moton, amma su ana ƙara musu ɗan makari da ke hana komawa baya, tunda agogo ba ya yiwuwa ya juya hagu. A maikurowef kamfanoni ba su ga dalilin wannan kashe kuɗin ba. A ganinmu ma rashin makarin alheri ne: idan babban kwano ya tokare bango, moton sai ya juya ya koma ɗaya gefen maimakon ya yi ta dannawa har giya ta karye. Musanya wayoyinsa biyu kuma ba ya canja komai, don haka kada wani ya ce muku an juya waya ne.

Abinci bai damu da gefen da aka bi da shi ba, motsin yake bukata. Igiyoyin lantarki marasa ganuwa da ke ɗumama shi suna bugawa sau miliyan 2,450 a daƙiƙa, tsawon kowace kamar santimita 12. Suna dukan bangon ƙarfe su dawo su haɗu da juna, sai a samu wuraren zafi da wuraren sanyi a tsaye cikin ɗakin, tazarar kusan santimita 6 tsakanin wurin zafi da na gaba. Faranti na ratsawa da abincin ta cikinsu. Tsakiyar farantin ce ta fi ƙarancin motsi, shi ya sa ƙaramin kwano ya fi ɗumama daidai in an matsar da shi gefe. Kamfanin Sharp na Japan ne ya fito da mai faranti a 1966. Manyan na gidajen abinci da yawa ba su da shi, wani ƙarfe ne mai juyawa a ɓoye ke watsa igiyoyin.

Ga hanyar gane lafiyar moto ba tare da kwance ko sukuru ɗaya ba. A sa kofin ruwa mai mariƙi, a kunna, a duba agogo. Rubutun 5/6 da ke jikin yawancinsu yana nufin zagaye 5 a minti a wuta mai bugu 50, zagaye 6 a mai bugu 60 irin ta Amurka. A wutarmu ke nan zagaye ɗaya daƙiƙa 12 ne, kuma bayan minti ɗaya cif mariƙin kofin zai dawo kusan inda aka ajiye shi. Mai rubutun 2.5/3 yana ɗaukar daƙiƙa 24. Maikurowef na hannu mai moton 5/6 da aka shigo da shi daga Amurka, ko an haɗa shi da taransifoma mai rage wuta zuwa bolt 120, zagaye 5 zai yi ba 6 ba, domin taransifoma ƙarfin wuta take ragewa, ba ta taɓa bugunta. A kan ƙaramin janareto kuwa gudun farantin yana bin gudun injin, in inji ya shaƙe faranti ya rage. Wuta in ta yi ƙasa sosai moton yakan tsaya yana gurnani yana karkarwa. Wannan matsalar wuta ce, ba ta moto ba.

Lalacewa ta gaskiya alamunta daban ne: faranti ya ƙi motsi gaba ɗaya, ko ya riƙa tafiya yana fizga, ko ya yi ta sauya gefe a tsakiyar aiki ba abin da ya tare shi, ko a ji ƙas-ƙas daga ƙasa. Ko a nan ba da moto ake farawa ba. Wasu na'urorin suna da maɓallin tsayar da faranti, a tabbata yaro bai danna shi ba. Sai a ɗaga gilashin a duba zoben da ke ƙarƙashinsa mai tayoyi uku. Busasshiyar miya da manja da ƙwayar shinkafa a kan hanyar tayoyin sun isa su sa moton ya ɗauka an tare shi ya riƙa komawa baya. Ruwan ɗumi da sabulu sun gama wannan. Bayan haka a zare robar nan mai kunnuwa uku da ke kama gilashin. Raminta ba zagayayye ba ne, gefe ɗaya a shafe yake domin ya kama ƙarfen moton. In ramin ya cinye ko ya tsage, moto na juyawa a ƙasa faranti na zaune. Robar kawai za a saya.

Idan waɗannan duk lafiya, a cire gilashi da zobe, a ajiye kofin ruwa a gefe ɗaya cikin ɗakin, a kunna na 'yan daƙiƙu ana kallon robar. Ba a kunna maikurowef babu komai a ciki. In robar ta juya ba kaya amma ta gaza da an ɗora faranti, haƙoran giya sun zube. Abin da ya fi jawo haka shi ne ɗora nauyin da ya wuce kima, da murɗa faranti da hannu da ƙarfi, da miyar da ke zuba ta bi ramin tsakiya ta gangara cikin giyoyin. In kuwa shiru ne, ko kwayil ya yanke ko wuta ba ta isowa.

A nan muna jan kunne. A zare filogi daga soket tukuna, kuma kada a buɗe babban murfin sama. Akwai kafasito a ciki da ke aiki da bolt kusan 2,000, yana iya riƙe wutar bayan an kashe, kuma yana kisa. Ta ƙasa ake kai wa ga moton faranti. A yawancinsu akwai ɗan murfi a gindin da ake yanke 'yan kunnuwansa da fulaya, bayan aiki a mayar a ɗaure da sukuru. Bakin ƙarfen yana da kaifi. Za a tarar da waya biyu da sukuru ɗaya ko biyu. A zare wayoyin a ɗora mitar masu gyara, mai auna om (ma'aunin turjiyar waya ga wuta), a kan ƙafafun moton inda wayoyin suke. Na bolt 220 zuwa 240 yakan nuna om dubu goma da wani abu, na bolt 21 om ɗari da wani abu. Mita in ba ta nuna komai ba, kwayil ya yanke. Kada a murɗa ƙarfensa da fulaya yatsa na kan ƙafafun, don a lokacin ya zama ɗan janareto, zai ja mutum.

Naɗin sabon kwayil ba ya biyan wahalarsa, wayar ta fi gashi siranta, sayen wani ya fi. A tafi kasuwa da tsohon a hannu, a gwada tsawon ƙarfensa da siffarsa da ramukan sukuru, a karanta gudun, a kuma karanta ƙarfin wutar sau biyu. Nan aka fi yin ɓarna, domin wasu na'urorin Samsung da LG suna amfani da moto mai bolt 21 da ke samun wutarsa daga kwayil ɗin fanka, kuma a ido ba shi da bambanci da na 220. Na 220 in aka sa shi a gurbin na 21 ba zai ko motsa ba, sai a zaci sabon ma matacce ne. Na 21 in ya faɗa a layin 220, kunnawa ɗaya ya ƙone. Bayan an ɗaura, a gwada da kofin ruwa sau huɗu ko biyar ana kashewa ana kunnawa, a ƙirga daƙiƙun zagaye ɗaya, duk gefen da ya bi.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wasu masu gyaran kayan lantarki,
Kano.