Zuwa Ga Iyaye: Maganar Yaranmu Da Ke Koyon Aiki A Cikin Gari

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara, ya gida ya ɗawainiya, Allah ya saka muku da alheri.

Abin da idona ya gane min ranar Laraba ne ya sa na rubuto. Kun dai san ƴan aji 2 suna wajen masu sana'a, to na zaga da kaina ban gaya wa kowa ba. A wani gareji, ba zan kama suna ba, na ci karo da yaronmu riƙe da kwanon shinkafa da wake ya sayo wa oga, na karɓi littafinsa na aiki na buɗe, sati 5 shafi fari fat, ko birki bai taɓa kwancewa ba, daga miƙo sifana sai wankin mota. A wajen walda kuwa na tarar da wani ya riƙe wa oga ƙarfe ba gilashi a fuska, ƙafa da silifas, ido ya yi jawur, wai da daddare ji yake kamar an zuba masa yashi. Wallahi ranar barci gagara ta ya yi.

Aike ba laifi ba ne, mu ma an aike mu, amma ba shi ya kai su ba. Yanzu ba a cewa ai ya shekara 7 a wajena na yaye shi shikenan. Hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda tun 1977 take kula da ilimin fasaha, tsarinta na NSQ, wato na ba da shaidar ƙwarewa a sana'a, hawa-hawa ne, mai tantancewa zai tsaya a kan yaro ya ga ya yi aikin da hannunsa, ya duba shaidar abin da ya yi a baya, wani kuma ya biyo bayansa ya sake dubawa kafin a yi maganar satifiket. NABTEB ma, wato hukumar jarrabawar makarantun fasaha da kasuwanci, da firatikal ɗinta. To mai farin littafi me zai nuna musu?

Saboda haka daga Litinin duk ogan da bai sa hannu a takardar yarjejeniya ba za mu janye yaronmu. Littafin aiki kuma duk Juma'a oga ya sa hannu, uba ko uwa su gani, ko ba ku iya karatun boko ba ku zaunar da shi ya faɗa muku abin da ya kwance ya ɗaura a satin. Gilashin walda da takalmin aiki dole ne.

Ku yi haƙuri zan faɗa, wasunku ne ke hana mu canza wa yaro waje don ƴan kuɗin sabulun da yake shigowa da su da yamma. Haba jama'a, ɗari biyar ce za ta sa a bar yaro ya zama ɗan aike?

Malamarmu ta ɗinki kam sai godiya, da kuɗinta take hawa Keke Napep tana bin ɗalibanta shago-shago, littattafansu cike suke taf. Sauran malamai kun ji dai.

Masu bashin kuɗin PTA a taimaka. Rijiyar burtsatse an gyara. Taro ranar Asabar ƙarfe 10 na safe, kowa ya zo da littafin ɗansa a hannu, ba aike ba.

Wassalam,
Shugaban makaranta