Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2024, Garwa

Assalamu alaikum 'yan uwa maza da mata.

Tarukan wata-wata duk an yi su, ban da na watan azumi.

Babban abin da muka yi bana shi ne zaman wayar da kai kan allurar rigakafin yara a unguwar Hausare, gab da faɗuwar damina. Kun san a ranar 22 ga Janairun 2024 Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta saka allurar zazzaɓin cizon sauro cikin rigakafin yara na yau da kullum, aka fara da gundumomin lafiya 42. Tun kafin mutane su ga kwalbar, jita-jita ta cika WhatsApp: wai hana haihuwa ce, wai gwaji ake yi da 'ya'yan talakawa. Wani dattijo ya tashi a wurin zaman ya tuna mana gwajin maganin da aka yi wa yara a Kano a 1996 lokacin sanƙarau, da yadda aka dakatar da ɗigon shan-inna a can a 2003. Ba mu katse shi ba, domin abin ya faru. Liman ya karɓa da hadisin neman magani, sannan ma'aikaciyar jinyar da muka gayyata ta yi bayani da Hausa da Fulatanci: allura huɗu ce, ta farko a wata shida, kuma ba ta maye gurbin gidan sauro.

Inda zaman ya juya shi ne da wata uwa ta tambaye ta ko ita kanta ta yi allurar korona da aka kawo a 2021. Ta ce ta daɗe tana ja da baya, ita da abokan aikinta da dama, saboda an umarce su su yi wa jama'a ba tare da an zaunar da su an amsa nasu tambayoyin ba. Wannan amsa ta buɗe bakin mata. Ashe yawancinsu ba ƙin allura suke ba. Wata mijinta ne bai ba da izini ba, wata ɗanta ya yi zazzaɓi bayan allura babu wanda ya gargaɗe ta, wata kuma tsawa aka yi mata don katin yaro ya ɓace. Har aka kira magariba ba a watse ba. Allah ya saka wa matan da suka yi girki daga aljihunsu.

Aikin bin gida-gida don nemo yaran da ba su kammala alluransu ba, wanda na san za a tambaye ni, bai kai ko'ina ba. Ba sakacin kwamiti ba ne. Babur ba ya tafiya da alkawari, kuma waɗanda suka biya kuɗin wata cikakke ba su kai rabin mambobi ba. Lasifikar ma shi ya sa har yau aro muke yi. Ziyarar ƙauyukan hayin Binuwai kuwa ruwa ya ɓata hanya, aka ɗaga, da aka sake sa rana mutum uku suka zo.

Akwai masu suna a rajista da ba mu gansu ba tun bara, amma su ne kan gaba wajen gyara a WhatsApp. Wallahi na gaji da bin mutane shago-shago kamar mai bin bashi. Duk wanda ake binsa ya kai wa ma'aji kafin taron Janairu, domin a ranar za a karanta sunaye, a kuma yanke ko aikin gida-gida zai ci gaba.

Sakatare