Kar ka karkato bututun hitar nan

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Wasiƙarka ta iso, na karanta har sau biyu, kuma wuri guda ne ya hana ni sukuni: inda ka ce kana shirin karkato bututun hayaƙin hitar ruwan zafi mai aiki da gas zuwa ɗakin da ka jera shuke-shukenka, don su samu iskar kabon dayoksaid, wadda shuka ke haɗa abincinta da ita. Don Allah ka dakata, kar ka taɓa bututun nan.

Ba wai tunanin naka ba shi da tushe ba ne. Iskar waje tana ɗauke da kabon dayoksaid kusan kashi 420 cikin miliyan, masu noma a rumfunan gilashi kuwa sukan ɗaga ta zuwa 800 ko 1,000 don shuka ta yi saurin girma. A Holan har bututu aka ja daga matatar mai da ke kusa da Rotadam zuwa rumfunan manoma. Amma waɗanda ke amfani da hayaƙin injinansu sai sun tace shi tukuna, suna da na'urorin auna iska, kuma ba mai kwana a cikin rumfar. Kai kuwa bango ɗaya ne tsakanin ɗakin nan da inda yaranka ke barci.

Ga abin da nake tsoro. Idan gas bai samu isasshiyar iska ba, ba ya ƙonewa sarai, sai ya fitar da kabon monoksaid, iska mai guba. Ita wannan ba launi, ba wari. Tana kama jini fiye da iskar oksijin sama da sau 200, mutum ya fara da ciwon kai da jiri, ya ɗauka gajiya ce, ya kwanta. Taɓa bututun kansa yana iya hana hitar jan iska yadda aka tsara ta. Shuɗin harshen wuta alama ce mai kyau, ruwan ɗorawa alamar matsala, amma ido ba ma'auni ba ne. Barin murhun gas a kunne a rufaffen ɗaki ma haɗarinsa ɗaya ne.

Su kansu shuke-shuken ba za su ji daɗi ba. Ƙonewar da ba ta cika ba tana fitar da iskar etilin, wadda ɗan mitsitsinta ya isa ya sa ganyen tumatir ya lanƙwashe ƙasa, fure ya zube. Ga tururi kuma: kilo ɗaya na gas ɗin tukunya yana ba da kusan kilo 3 na kabon dayoksaid, amma har da ruwa fiye da kilo ɗaya da rabi, wanda zai jiƙa bango ya jawo fumfuna.

Yadda ka kwatanta shuke-shuken, dogaye sirara suna miƙa wuya wajen taga, ni a ganina haske suke nema. Shuka ba ta amfani da kabon dayoksaid sai da haske, da dare ma ita ce ke fitar da ita. Kuma numfashinku kaɗai, da ke fitar da kusan kilo ɗaya nata daga kowane babba a rana, ya riga ya sa iskar gidan ta fi ta waje yawanta.

Ka matsar da su bakin taga, ko ka sa musu fitilar rainon shuka awa 12 zuwa 14 kullum. Ka kuma sayi na'urar nan mai ƙara idan ta ji kabon monoksaid, ka rataya ta kusa da ɗakunan kwana, ko da ka fasa shirin. Ka rubuto mini da zarar ka sa ta, hankalina ya kwanta.

A gaida mutanen gida da yara.

Naka,
Amininka