Wasiƙa zuwa ga Bello, a kan masaukin Inna a Zanzibar

Mabera, Sakkwato.

Aminina Bello,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Maman Walida da yara. Ya aiki, ya sanyin Ingila? Mu nan alhamdu lillahi, hunturu ya fara ja da baya, ƙura ta lafa, kowa yana shirin zafin da ka sani.

Saƙonka ya iso tare da hotunan otal uku da kake son in duba maka a Zanzibar. Na ƙi ba ka amsa ta WhatsApp da gangan, don maganar ta fi ƙarfin layi biyu. Kafin ma in ce komai sai da na biya gida ranar Juma'a bayan an sauko, na gaida Inna. Jikin da sauƙi ƙwarai, fuskarta ta cika, amma gwiwar nan tana nan. Da za ta rako ni, tsakanin ɗakinta da zaure sau biyu tana tsayawa tana dafa bango. Murnar tafiyar kuwa ba a magana, duk maƙwabta sun ji ɗanta zai kai ta ganin teku. Da na taɓo zancen masauki sai ta ce, "Ku dai kak ku kai ni inda za ni ta hawa bisa, ƙahwata ba ta so." Da wannan maganar tata na dawo na sake duba hotunanka.

Wanda ka fi so, tsohon gidan attajirin nan da ke tsakiyar gari, mai ƙofar katako da ƙusoshin tagulla da wurin cin abinci a saman soro, na san irinsa, don na kwana a irinsa. Ka tuna shekara biyu da suka wuce da na je taro can, na tafi da Maman Sadik tana da cikin wata shida. Hoto ne ya ja ni kamar yadda ya ja ka. Daga filin jirgi mota ta kawo mu bakin wani titi, direba ya kashe ta ya ce iyakarsa ke nan. Tsohon garin, wanda su suke kira Mji Mkongwe, an gina shi tun kafin a san mota, lungunansa na mai tafiya a ƙasa ne da jaki. Akwai lungun da in ka buɗe hannuwanka za ka taɓa bangon dama da na hagu. Aka zuba kayanmu a amalanke, muka bi yaron da ke turawa, lungu ya ba lungu, babura suna goga mu, ga duhu ya fara. Muka isa, sai aka ce ɗakinmu yana hawa na uku. Matakalar ta katako ce, a tsaye take, kowane taki sai ka ɗaga ƙafa sosai. Babu lifta, kuma sa ta a irin waɗannan gidaje ba abu ne mai sauƙi ba, tunda UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, ba a fasa gini yadda aka ga dama. Karin kumallo kuma sai an ƙara hawa zuwa soro.

Da misalin ƙarfe ɗaya na dare ƙafafunta suka riƙe, tana neman ruwan zafi. Na sauko ƙasa, ba kowa sai maigadi, ba ya jin Turanci, ba ya jin Larabci, kicin kuma an rufe tun goma. Mutumin kirki ne, ya yi ta kai da kawowa yana son ya taimaka, amma ba abin da ke hannunsa. Daren nan ban runtsa ba. Gari na wayewa muka tattara muka koma bakin teku.

Ba kushe gidan nake yi ba. Yana da kyau har yanzu a idona, kuma da kai da Maman Walida ne kaɗai, da na ce ku je, ku hau soro da magariba ku ji kiran salla yana tashi daga kowace kusurwa. Amma tafiyar nan ta Inna ce.

Kuɗin da ake ƙarawa a babban otal, mutane suna ɗauka na labule ne da fitilu da kwamin wanka. Ni a wancan dare na gane kuɗin mutane ne. Akwai wanda yake zaune a teburin karɓar baƙi dare da rana, yana jin yaren da za ka yi masa. Akwai likitan da za su kira maka. Kicin ba ya mutuwa, ko ƙarfe uku ka nemi ruwan shayi za a kawo. Akwai mai wanki, akwai mota a ƙofa, akwai janareton da zai ɗauki na'urar sanyaya ɗaki, ba fitila kaɗai ba. Kada ka raina wannan na ƙarshen. Wutar tsibirin ta wayar ƙarƙashin teku take zuwa daga babban yankin Tanzaniya, kuma daga Disamba 2009 zuwa Maris 2010 sun yi kusan wata uku a duhu da layin ya lalace. An gyara tun tuni, amma mu 'yan Sakkwato ba sai an koya mana tambayar janareto ba. Zafinsu ma ba irin namu ba ne. Namu busasshe ne, ka shiga inuwa ka sha fura ka samu sa'ida. Nasu gumi ne mai manne wa jiki, inuwa ba ta maganinsa, kuma tsofaffin bangayen nan na dutsen murjani da farar ƙasa suna riƙe danshi.

Saboda haka ni da za a bi tawa, ka nemi unguwar Shangani, can ƙurya inda garin ya kutsa cikin teku. Mota tana zuwa har ƙofar otal, kuma duk da haka kana cikin tsohon gari, ba a wajensa ba. Manya biyu da kowa ya sani a wurin su ne Serena da Park Hyatt. Serena tsofaffin gine-gine ne aka gyara, ɗaya tsohon ofishin wayar tangaraho ne. Park Hyatt an buɗe shi a 2015, kuma ya haɗa da wani tsohon gida da ake kira Mambo Msiige, wanda wani attajirin Balarabe ya gina wajen tsakiyar ƙarni na 19, daga baya har ofishin jakadancin Ingila ya zauna a ciki. Ka ga ke nan tarihin da kake nema ba ka rasa shi ba. Tsakanin su biyun ba zan zaɓa maka daga nan ba, amsar da za su ba ka ita za ta zaɓa.

Kuma don Allah kada ka kama ɗakin ta shafukan nan na intanet ka yi shiru. Ka buga musu waya, sannan ka rubuta musu, su amsa a rubuce. Ka faɗa musu tsohuwa ce mai ciwon gwiwa. Ɗaki a hawan ƙasa kake so, ko wanda lifta ke kaiwa bakinsa, domin a tsohon gini sau da yawa ka fito lifta sai ka tarar da taki huɗu ko biyar kafin ƙofa, kuma ba mai sa wannan a hoto. Ka tambayi matakala nawa ke tsakanin ɗakin da wurin cin abinci. Banɗakin ma ka bincika, shawa ce da ake shiga a tsaye ko baho ne mai tsayin baki da sai an ɗaga ƙafa, kuma za su iya sa mata kujera a ciki? Ɗakinku ya kasance jikin nata, in da hali mai ƙofa a tsakani. Su tanadi keken turawa ko da ba za a yi amfani da shi ba. In ka ji wanda ya ɗauki wayar yana cewa komai babu matsala ba tare da ya je ya duba ba, ka sake kira wani lokaci ka samu wani.

Batun ibada zai yi mata daɗi. Mutanen gari kusan duk Musulmi ne, masallatai kuma a kowane lungu, ƙanana, marasa ado, wani sai ka ga takalma a ƙofa sannan ka gane masallaci ne. Abu ɗaya ka gaya mata tun kafin ku sauka, alƙibla a can arewa take, ba gabas ba, don tsibirin kusan daidai yake da Makka daga kudu. Maman Sadik ta yi sallar farko ta fuskanci gabas bisa sabo, sai da ta sake. Yawancinsu Shafi'awa ne, za ka ji limami ya bayyana bisimilla, da asuba kuma ya yi alƙunutu a bayyane bayan ruku'u. Manyan otal ɗin galibi suna sayar da giya saboda Turawa, to ka ce su kwashe abin da ke cikin ƙaramin firijin ɗaki kafin ku iso, kuma su zaunar da ku nesa da inda ake sha. Buta ku tafi da taku. Abinci ba zai ba ta wahala ba, akwai shinkafar da suke dafawa da kayan ƙamshi, da kifi, da shayi mai citta da kanumfari. Amma ka san Inna, in ta kwana uku ba kunu za ta fara ƙorafi. Zan sa a niƙa mata garin kunu da ɗan yaji a ƙulle, kicin ɗin babban otal ba zai ƙi dama mata ba in an nuna musu yadda ake yi. Yara kuma ka koya musu gaisuwar manya ta can, ana cewa shikamoo, babba ya amsa da marahaba. Ita ma za ta ji ana yi mata, ta san amsar.

Garin kansa zai taɓa ka ta inda ba ka zata ba, ni dai haka ya yi mini. Sarkin Oman Sayyid Sa'id ne ya mayar da fadarsa can daga Maskat a ƙarni na 19, Ingila kuma ta ɗora hannu a kansu a 1890. Ranar 27 ga Agusta 1896 jiragen ruwan Ingila suka buɗe wa fada wuta saboda Khalid bin Barghash ya hau gado ba da yardarsu ba, ba a cika awa ɗaya ba aka gama, suka naɗa wanda suke so. Ina tsaye a bakin tekun nan ana ba ni labarin, zuciyata tana Giginya, inda Turawan Ingila suka ci Sakkwato a Maris 1903, ko shekara bakwai ba a cika ba tsakani. Salon ɗaya ne, a bar sarki a kan gado, a karɓe iko. Sannan akwai cocin Angilika da aka gina a inda kasuwar bayi take, wadda aka rufe a 1873, da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi. Na shiga na fito jikina a sanyaye. Dukiyar da ta sassaƙa ƙofofin nan masu kyau daga hauren giwa ta fito, da kanumfari, da 'yan Adam, kuma mu ma tarihinmu bai kuɓuta daga wannan ba. Ka kai su Walida, sun isa su gani. Inna kuwa kada ta sauka ɗakunan, matsattsu ne kuma rufin a ƙasa yake.

Abin da za ta iya shi ne fita da la'asar sakaliya zuwa lambun Forodhani, daga Shangani ba nisa. Ta zauna ta ga jiragen ruwa masu filafilai suna dawowa, ga tsohuwar ganuwar da Omaniyawa suka gina bayan sun kori Fotugis, ga Beit al-Ajaib, katafaren gidan sarauta na 1883, wanda wani sashensa ya rushe a Disamba 2020. In ta gaji a cikin lungu, gidajen suna da dakali a ƙofa kamar namu, ba mai hana baƙo zama. Tsibirin Changuu mai manyan kunkuru ku je da yara ku bar ta ta huta, shiga ƙaramin kwalekwale ba na gwiwarta ba ne. In kuma yara sun matsa sai sun yi wanka a teku, Nungwi ce a arewa, tafiyar fiye da awa ɗaya a mota, ku yi ta yini guda ku dawo. Kada ka raba kwanakin gida biyu, tattara kaya da sabon gado suna gajiyar da tsoho.

Lokacin da ka ambata ne ban yarda da shi ba. Na san kana son fitar da ita daga zafin Afrilu, amma daga ƙarshen Maris zuwa Mayu ne ruwansu mai yawa, lungu ya cika da ruwa, ƙasa ta yi santsi. Shi ya sa ka ga farashi ya sauka. Ka bari sai Yuli ko Agusta, lokacin hutun yara, iska ta yi sanyi, sama ta washe, sai dai ka kama ɗaki da wuri. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu. Kuma in kun yi alkawari da direba ka tabbatar da wane lissafi yake yi, don a Suwahili daga wayewar gari ake fara ƙirga awa, ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu.

Takardu ka bar mini na nan. Na ce wa Hadiza ta nemo fasfon Inna in duba ko ya rage fiye da wata shida, da katin allurar shawara da ta yi lokacin aikin Hajji. Tun 2016 allura ɗaya ta wadatar, in katin yana nan ba sai an sake ba, in ya ɓata sai mun ga likitanta tukuna saboda shekarunta. Kai kuma ka kula da biza, da inshorar da gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi tun Oktoba 2024, a saya kafin a tashi. Jirgin Habasha yana tashi daga Kano da Abuja ya bi ta Addis Ababa, ka nema mata keken turawa a kowane zango tun wurin sayen tikiti. Ni zan kai ta Kano da kaina in Allah ya kai mu.

In otal ɗin sun amsa ka turo mini in gani. Ka gaida Maman Walida da kyau, ka shafa mini kan yara. Maman Sadik tana gaishe ku, su Malam Umaru na majalisa ma kullum sai sun tambaye ka. Inna ta ce in gaya maka ka bar wuri a akwati, ta riga ta yi wa mutum tara alkawarin kanumfari.

Wassalam.

Naka,
Aminu