Kanwa ba maganin kowane ciwon ciki ba ce

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Raina ya ɓaci da shirinku na kiwon lafiya na rediyo na daren Laraba. Kun bar baƙonku yana ta zuba, ya haɗa kumburin ciki da ƙwannafi da gyambon ciki da rashin sha'awar abinci wuri guda, sannan ya ce kowa ya jiƙa jar kanwa ya sha safe da yamma. Mai gabatarwa kuwa ba abin da yake cewa sai "madalla". Ko sau ɗaya bai tambaye shi nawa za a sha ba, balle wa bai kamata ya sha ba.

Masu maganin da suka san aikinsu ba sa yin haka, domin kowane magani da lokacinsa. Masu ɗaci irin su shuwaka da ɓawon maɗaci kafin abinci ake shan su, da kamar minti 15, kuma kurɓi ɗaya ko biyu ya isa: ɗacin da ya taɓa harshe shi ke tsinko yawu, ya motsa ruwan tumbi. Citta da kanumfari da na'a-na'a bayan abinci ne, don fitar da iska. Rabin ƙaramin cokali na garin citta a kofin ruwan zafi, a rufe minti 10, shi ke nan. In an zarce, ita cittar ce za ta kawo zafin ƙirji. Na'a-na'a kuma tana sassauta bakin tumbi, saboda haka mai ƙwannafi ƙara masa take yi. Filasko da baƙon naku ya ambata, wannan na wankin ciki ne, ba ruwansa da narkar da abinci.

Amma kanwar ce ta sa na rubuto. Gaskiya ne tana kashe tsamin tumbi nan take, mutum ya yi gyatsa ya ji sakayau, shi ya sa ake yabonta. Gyatsar nan iska ce da ke tashi idan kanwa ta haɗu da ruwan tumbi, kuma ba a jimawa tsamin ke dawowa. Abin da ke zama a jiki shi ne sinadarin sodiyam, irin wanda ke cikin gishiri, mai riƙe ruwa ya hau da jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ba, mu kuwa miya da dunƙulen ɗanɗano kaɗai sun cinye wannan. A ɗora kanwa sau biyu kullum a kan mai hawan jini ko mai ciwon ƙoda, ƙafa ta kumbura, numfashi ya gagara. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi. Masu jego nawa ne suka saurare ku a daren nan?

Shi kuwa gyambon ciki, galibi ƙwayar cuta ce mai suna H. pylori ke kawo shi, ko yawan haɗiyar magungunan rage raɗaɗi irin su ibuprofen da diclofenac da asfirin. Ana gano ƙwayar ta gwajin bayan gida ko na numfashi, a ba da magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu tare da omeprazole, mai rage tsamin tumbi, na tsawon kwana 14. Kanwa ɓoye zafin kawai take yi, miki na ci gaba da ci. Wanda bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin, ko ya yi aman jini, ko yake ramewa ba dalili, ko abinci ke tsaya masa a wuya, asibiti zai nufa a ranar. Baƙonku bai faɗi ko ɗaya cikin waɗannan ba, amma lambar wayarsa har sau uku ya maimaita.

Ku kira likitan ciki ko masanin harhaɗa magunguna ya gyara wannan magana a fili ɗaya, lokaci ɗaya, ba a tsakar dare ba.

Sannan don Allah ku yi wa mai kula da sauti magana. Talla na shigowa da ƙarar da ta ninka ta shirin, sai mutum ya zabura ya rage rediyo, in an dawo kuma a rasa farkon maganar.

Naku mai sauraro,
Ma'aikacin kantin magani, Zariya