Albarushi da awo ake zuba shi: kira ga maharbanmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da maharbanmu na gida, a kan abin da na koya a nan jihar Pennsylvania ta Amurka, inda nake zaune da iyalina.

Kawuna maharbi ne. Ina yaro nakan tsuguna gabansa in ga yana ɗura bindigar toka: ya zuba albarushi a tafin hannu, ya ƙiyasta da ido, ya tura tsumma, ya danna. Ranar da zai bi babban nama sai ya ƙara, wai don ta yi ƙarfi. Wata rana bindigar ta fashe a hannunsa, ta tafi da yatsu biyu. Allah ya ji ƙansa, har ya rasu bai ƙara riƙe fartanya daidai ba.

Da na zo nan, wani dattijo maƙwabcina ya ja ni farautar barewa, bayan na yi karatun da doka ta wajabta na karɓi lasisi. Bindigar da ya ba ni aro Marlin 336 ce, mai mariƙi a ƙarƙashin kunama. Ka tura shi gaba ya fitar da kwanson da aka harba, ka dawo da shi ya ɗora sabon harsashi. Harsashinta shi ne .30-30, wanda kamfanin Winchester ya fito da shi a 1895 domin bindigarsa samfurin 1894, ƙirar John Browning. Sunan kansa awo ne: talatin na farko faɗin harsashin, na biyu kuwa nauyin albarushin da aka fara zuba masa, a wani ɗan ma'auni da sai an tara 7,000 ake samun laba ɗaya.

Dattijon nan da hannunsa yake ɗura harsasansa, a wani ɗaki ƙarƙashin gidansa. Ranar da na fara shiga na zaci zan ga irin ta kawu. Sai na tarar da ɗan sikeli irin na masu sayar da zinari, da littafin kamfanin albarushi a buɗe, da wani tsohon littafin rubutu da yake adana kowane gwaji da kwanan watansa. Ya auna, ya ɗebe ƙwayoyi biyu ko uku da ɗan cokali, ya sake aunawa. Ba ya magana idan yana awo, kuma bai taɓa ajiye gwangwanin albarushi biyu a kan tebur lokaci guda ba.

Ita wannan bindiga tana da sharuɗɗanta. Harsasan a jere suke cikin bututu ƙarƙashin hancinta, kan wannan na dungure da gindin na gabansa. Shi ya sa ba a sa mata mai tsini, sai mai faffaɗan kai ko mai mulmulalle, don kada girgizar harbi ta sa tsinin ya tayar da na gaba a cikin bututun. Dole kuma a matse bakin kwanso ya riƙe dalmar gam, in ba haka ba ta nutse ciki. Kwanson ma yana miƙewa in an yi ta maimaita shi, sai an auna an datse.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sakamakon gwajinmu. Mun fara daga mafi ƙarancin awon da littafi ya yarda, muna hawa kaɗan-kaɗan, muna harba uku-uku a takarda daga yadi ɗari. Da harsashin kanti, ramukan sun bazu kusan inci huɗu. Da namu, a wani awo da bai kai ƙarshen iyaka ba, suka taru cikin inci biyu. Da muka ƙara sai suka sake watsewa, ga bindigar tana dukan kafaɗa. Mun kuma lura cewa idan hancin ya yi zafi saiti yana gocewa, don haka mukan jira ya huce. Ashe ƙarin albarushin da kawu yake yi ƙara kawai yake ƙarawa, ba saiti ba.

Kuma saitin nan haƙƙin dabba ne. Barewar da na samu bara ba ta yi taku ashirin ba ta faɗi, na isa na yanka. Wadda aka jikkata ta tsere ta mutu a daji, wa zai ɗauki alhakinta?

Na san maharbanmu ba irin wannan bindiga suke riƙewa ba, doka ma ba ta ba su ba. Amma ɗan ƙaramin mudun awon albarushi bai fi ƙarfin kowa ba. Kowace bindiga a yi mata nata, kada a wuce shi ko giwa aka hango. Sannan don Allah kada wanda ya fasa harsashin zamani ya juye albarushinsa cikin bindigar toka. Ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, ƙarfen da maƙeri ya naɗa ba zai ɗauka ba.

Malam Edita, ina roƙon ku tura wakilinku wurin sarakunan baka da shugabannin ƙungiyoyin mafarauta kafin rani ya shigo a fara fita daji, ya tambaye su yadda suke koya wa yaransu ɗuri, ku buga mana amsarsu.

Naku,
Wani mai karatu daga Pennsylvania, Amurka